Wankan jegon da aka so hana gwaggona

Shekarar da na shiga kwaleji a Dogon Dutsi, sabuwar tutar ƙasa ba ta daɗe da hawa sanda ba, aka kawo mana wani mushe, wato malamin makaranta, mutumin Gana yana koya mana Ingilishi. Wata safiya ya ce mana mutanen Ingila, in sun faɗi abin da ya wuce aka ƙaryata su, suna da wata guntuwar kalma da suke cusawa cikin magana su danne ta da ƙarfi, shi ke nan sun tabbatar. Ya sa muka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya muna dannawa: na fa share aji, na fa je rijiya. Ni dariya ma abin ya ba ni. Kalma ɗaya tak? Mu da muke da wallahi da tallahi, da lalle, da kam, ga tsofaffin ƙauye masu rantsuwa da aradu. Sai dai duk tarin nan namu, akwai magana ɗaya ta gaskiya a gidanmu da ba wanda yake faɗi ko da a hankali: gwaggona ta taɓa haihuwa.

Ƙanwar babana ce, mijinta ya rasu ta dawo gida ta zauna. Ita ta goye ni, ita ke yi mini kitso tana ranƙwashina in na motsa. A gari kuwa juya ake ce mata, wasu a bayan ido, marasa kunya a gabanta, ita kuma ba ta tankawa.

Ni na san gaskiya tun ina ƙarama. Na ɗauko turke zan kafa wa akuya a bayan rumbu, sai ta riƙe mini hannu ta ce in nemi wani wuri, ɗanta na kwance nan. Namiji ne, ya zo a shekarar yunwa, ya koma tun ba a yi suna ba. A wurinmu yaron da bai samu suna ba ba a zancensa, wai ambatonsa na janyo iskar da ta ɗauke shi ta dawo neman wani. Aka bar zancen, har waɗanda suka gani da idonsu suka koma kamar ba su gani ba.

Da yayata ta dawo gida goyon cikin fari daga gidan mijinta a Tibiri, kowa ya san wanda zai yi mata wankan jego. Innarmu ba ta iyawa, yaya 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta kamawa don kunya. Saura gwaggo. Tun cikin na ƙarami ta fara tara itace, kullum ta fita bayan gari ta dawo da dami a ka, har tsibin ya kusa kai tsayin danga. Ta sayo sabuwar tukunya babba, ta ajiye kanwa don kunu. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta waɗannan watanni ba, har waƙa na ji tana yi.

Yaya ta sauka lafiya, ta sami mace. Washegari uwar mijinta ta iso daga Tibiri da ƙullin kayanta, tsohuwa ce mai baki, irin waɗanda ke shigowa gidan mutane su fara gyara zaman tukwane. Da la'asar ruwa ya tafasa, gwaggo ta ɗaura zane ta ɗauko ganyen da za ta tsoma, mata sun taru a tsakar gida. Sai tsohuwar ta tare ta, ta ce cikin sanyin murya, wai don Allah a ba wata ganyen, a gidansu macen da ba ta san zafin haihuwa ba ba ta taɓa mai jego, hannunta na busar da nono.

Na dubi innarmu, ta sunkuyar da kai. Na dubi sauran matan, kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Gwaggo kuwa ta miƙa ganyen. Wannan miƙawar ce ta ƙona mini rai. Na fizge ganyen kafin ya kai hannun tsohuwar.

Na ce, "Gwaggo ta haihu. Ɗanta na nan kwance bayan rumbu, kowa nan ya sani."

Marin innarmu ya sauka kafin in rufe baki. Matan suka hau salati, wata ta ruga ta rufe jaririyar da zane. Tsohuwar ta ce ga abin da lakwal, makarantar boko, ke koya wa ɗiya mata, su yi ƙarya gaban manya, su kira wa jinjiri mugun abu. Kuncina na zafi na sake faɗa, na ƙara da wallahi, na ce a kashe ni ma sai na faɗa. Ban yi nadama ba a ranar, ban kuma yi ba har yanzu da na tsufa.

Ban zaci gwaggo za ta yi magana ba. Sai na ga ta sassauta zanenta ta sauke shi ƙasan cibiya, a gaban kowa. Ga nankarwa nan fari-fari a fatar cikinta, ta tsufa amma ba ta goge ba.

Ta dubi tsohuwar ta ce, "Duba da kyau, Iya. Wanga zane wa ya yi mini shi?" Sannan ta juya wurin innarmu. "Ke kina amarya gidan ga sa'adda anka yi. Hwaɗi abin da kinka gani."

Na san abin da ke cin innarmu, tsoron iska a kan jikarta ga kuma kunyar baƙuwa. Duk da haka ta ɗago ta ce:

"Ta haihu. Ni na riƙe ta. Ya yi kuka, ya sha nono."

Tsohuwar ta ja gefe tana gunaguni wai ai ba a gaya mata ba. Ba wanda ya kula ta. Gwaggo ba ta yi wa innarmu godiya ba, ni ma ba ta ce mini sannu ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta karɓi ganyen a hannuna, ta ce in kamo mata tukunya mu kai bayan ɗaki.

Yaya na zaune kan kujera 'yar tsugune tana kuka tun ruwa bai taɓa ta ba. Gwaggo ta tsoma ganyen ta fyaɗa mata a baya, tururi ya tashi, yaya ta gantsare tana roƙon a surka da ruwan sanyi. Gwaggo ta dafe mata kafaɗa ta sake tsomawa.

Ta ce, "Daure, ɗiyata. Ni ranar da anka rufe shi anka kashe mini wuta, iccena da shi anka dahwa tuwo. Naki sai ya cika arba'in."