Na Mari 'Yata A Kan Hararar Da Ba Ta Yi Ba

Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, da digirina, da 'ya ɗaya mai shekara bakwai. Muna haya a unguwar Kurudu. Maigidana yana sayar da kwanon rufi a kasuwar Dei-Dei, ya fita da asuba sai bayan magariba. Ni kuwa mace ce mai tsoron komai. Ruwan shan yarinyar sai na tafasa, rigakafi ko ɗaya ban tsallake mata ba. Ban yarda ta fita wasa da yaran layi ba, don kada a sace ta, kuma, in zan faɗi gaskiya, don kada su ɓata mata Turanci. Sai na saya mata kwamfutar hannu na cika ta da darussan lissafi da karatu. Da wannan nake tinƙaho a ofis, cewa tawa ba ta kallon shirme.

Idan ta dawo daga makaranta, maƙwabciyarmu ce ke buɗe mata gida, wata dattijuwa 'yar Filato mai sayar da kayan miya a ƙofa. Daga nan sai ɗaki, labule a sauke, kwamfuta dab da hanci, har in dawo. Ban taɓa ƙirga awoyin ba, amma ina jin sun kai biyar a rana, Asabar kuwa sun fi haka.

Sai ta fara wani abu. In ina yi mata magana sai ta karkata kai, ta runtse ido ɗaya, ta dube ni da gefen ɗayan. A gidan da na tashi, wannan harara ce, kuma ba a yafe wa yaro ita. Na yi mata kashedi ba ta daina ba. Na fara marinta. Makinta ya sauka, malamarsu ta aiko cewa tana leƙen littafin 'yar kujerarsu maimakon ta kwafa daga allo. Hukuncin da na yanke shi ne ƙarin awa biyu a kan kwamfutar, a durƙushe. Ta ce kanta na ciwo, na ce ragwanci ne. Ta ce rubutu yana zama biyu, na ce ƙaryar tata ma ta zama biyu.

Wata rana dattijuwar ta tare ni, ta ce, "Madam, ki kai yaron nan asibiti. Idon shi ɗaya yana shiga ciki." Na amsa mata da cewa ta kula da tumatirinta, ni na yi makaranta, na san abin da nake yi wa 'yata. Washegari na karɓe mabuɗina na ba wata. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya.

Wata takwas suka wuce kafin a zo gwajin ido a makarantarsu a aiko mu asibiti. Likita ya rufe mata idon dama ya nuna mata manyan haruffa, ta kasa karanta su. Ya tambaye ta tun yaushe take ganin abu biyu, ta ce tun kafin azumin bara. Ya ce me ya hana ta gaya wa Mama? Ba ta dube ni ba, ta ce, "Na gaya mata. Ta mare ni."

Ba zan ce kwamfutar kaɗai ta jawo ba, don likitan ma bai rantse ba. Ya ce mai yiwuwa akwai rauni tun asali, yawan kallon abu na kusa da rashin fita waje suka tsananta shi. Abin da ya tabbatar shi ne runtse idon dabara ce ta raba kanta da gani biyu, kuma da an zo da wuri da gyaran ya fi sauƙi. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya fi son in baƙi sun tambayi abin da ya sami idon, ya nuna ni da haɓa ya ce aikin mai digiri ne. Ban taɓa musa masa ba.

An yi mata aiki, tana sa tabarau mai kauri, idon ya miƙe, amma ganinsa bai dawo duka ba, kuma an ce kada mu sa rai sosai. Ni ba likita ba ce, kuma ban cancanci yi wa kowa wa'azi ba. Sai dai na fahimci ido bai san darasi ake kallo ko shirme ba, kusanci da daɗewa ya sani. Iyaye, ku rage musu, ku bar su su fita su ga nesa. In yaro ya fara runtse ido ko karkata kai, ku kai shi a duba kafin ku ɗaga hannu. Tawa yanzu shekararta tara, tana da ladabi ƙwarai, kowa yana yabawa. In na kira ta, ƙasa take kallo har in gama magana.