Albasar da Aka Ba Ruwa Ranar Cira

Warin lawashi ne ke fara zo mini duk lokacin da wani ya tambaye ni irin littafin da nake so. Wari ne mai shiga ido kafin ya shiga hanci, ya kama zane ya kwana uku bai sake shi ba.

A gidanmu na Wurno, tun da ruwan madatsar Goronyo ya soma gangarowa fadama, rani ya daina zama lokacin hutu. Maza su ciro albasa a gona, su yanke ganyenta, wato lawashi, a ɗoro shi a amalanke zuwa gida. Mata su daka shi da safe, bayan azahar kuma su zauna ƙarƙashin dogonyaro suna dunƙula shi gabu, ana jerawa a tabarma ya bushe don miyar shekara. Aiki ne na hannu kawai, kunne ba ya komai. A nan na samu nawa matsayin. Ina da shekara goma sha uku lokacin, aka kifa mini turmi na zauna a kai, ina karanta musu littafi da ƙarfi. Muddin ina karatu, hannuna ba ya taɓa lawashi.

Littattafan na malamarmu ta Hausa ne, wata Kirista daga kudancin Kaduna mai dariya da dukan jikinta. Tana da kwali biyu cike da littattafai a ƙarƙashin gado, tana ba ni aro ɗaya ɗaya, mako biyu in mayar. Da na yara ta fara ni, masu hotuna, kuma har yau ban girme su ba. Abin da kawai ba na so a cikinsu shi ne wanda zai kai ni shafin ƙarshe ya tsaya yana yi mini wa'azi, kamar ban ji labarin ba. Yaro ya san wanda ya yi daidai tun kafin a gaya masa. Na fi son littafin da zai bar zomo ya shige rami, ya rufe bakinsa.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce shugabar zaman nan, kuma ita ce mai sukar littafi mafi tsanani da na taɓa gani. Ba ta karanta boko, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Na taɓa nuna mata hoton akuya a wani littafin yara, ta durƙusa da gwiwoyin gaba tana cin dusa. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wanga mai zane ya yi kiwo.” Wannan shi ne yabo mafi girma a wurinta. Sau ɗaya tak muka ja ta gidan maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti, inda muke kallon fim ranar Juma'a da la'asar. Saurayi da budurwa suna gudu suna waƙa a tsakiyar wata gona kore shar, ni kuwa zuciyata ta riga ta bi su. Sai muka ji Kaka daga baya: “Gonaw wa ta suka tattakewa haka? Mai ita na ina?” Ba ta sake zuwa ba. Ni ina son finafinan nan har gobe, da rawarsu da kukansu da ruwan saman da ke sauka daidai lokacin da ake bukatarsa. Amma tun ranar, in na ga furanni a fim sai na tambayi kaina wa ke ba su ruwa.

Tatsuniya ba ta damunta, don tatsuniya tana faɗa da bakinta cewa ƙarya ce. Littafin da ya ce yana ba da labarin mutane ne take sa wa ido.

A ranin nan Malama ta ba ni wani littafi da na karance shi ni kaɗai cikin yini biyu, na ƙaunace shi ƙwarai. Labarin wata yarinya ce marainiya da mahaifinta ya bar mata 'yar gona a fadama, dangi suna cewa ba za ta iya riƙe ta ba, ita kuwa ta dasa albasa don ta nuna musu. Akwai wani saurayi mai kunya da ke gyara injin ban ruwa, wanda ba ya iya kallonta sai dai ya kalli injin. Na tabbata mutanen gidanmu za su so shi, ga shi kuma labarin albasa ana tsakar gabu.

Sun so shi kuwa. Kwana uku ba a jin komai sai muryata da ɗan sautin tafin hannu yana murza lawashi. Goggo, ƙanwar Baba, ta yi hawaye a wurin rasuwar mahaifin, ta ce lawashi ne. Kowa ya yarda, don kowa idonsa ja.

A rana ta huɗu muka iso wurin cirar albasa. Marubucin ya zuba kalmomi masu daɗi a wurin. Ya ce da asuba yarinyar ta buɗe wa gonar ruwa na ƙarshe don ƙasa ta yi laushi, albasar ta fito tana sheƙi, sannan ta kwashe ta ta zuba a rudu, wato rumfar kara da ake ajiye albasa ta yi watanni kafin a sayar. Ina cikin jin daɗin jimlar sai Kaka ta ɗaga hannu, kore har wuyan hannun.

“Tsaya, malama. Mi kinka ce tay yi?”

Na maimaita.

“Ruwa? Ranac cira?”

“Haka aka rubuta, Kaka.”

“Kuma taz zuba ta rudu?”

“E.”

Kaka ta dubi Goggo, Goggo ta dubi maƙwabtanmu biyu da ke taya mu aiki. Kamar an yi sanarwar rasuwa.

“Wayyo ɗiyar mutane,” in ji Goggo. “Ta kashe kanta.”

Ni 'yar gidan manoma ce, amma kaina yana cikin littafi, ban taɓa lura ba. Su kuwa ko yarinyar goye ta san cewa da zarar ganyen albasa ya kwanta ake yanke mata ruwa, a bar ta kwanaki ta sha rana a cikin ƙasa wuyanta ya bushe. Wadda ta sha ruwa ranar cira, in ta shiga rudu, ba ta mako uku sai wari.

“To, mu gani gobe,” Kaka ta ce, tana goge hannu. “In mai littahin ga na da gaskiya, albasag ga ruɓewa za ta yi. In ko yac ce ta kai damina lahiya lau, to bai san abin da shika hwaɗi ba, kuma ba ni zama ana yi min ƙarya ina aiki. Sai ki sauko daga turmin ga ki kama gabu awa kowa.”

Ni na san abin da ke gaba. Albasar ba ta ruɓe ba. Ta kai damina lafiya lau, ko ɗaya ba ta yi tabo ba, yarinyar ta sayar, dangi suka ji kunya. Marubucin mutumin kirki ne, ya san zuciyar marainiya, ya san yadda mai kunya ke gaisuwa, amma bai taɓa tsayawa a gonar albasa ba.

Ba gabun nake tsoro ba, ko da yake ba na son sa. Abin da ya tsaya mini shi ne, in wannan littafin ya faɗi a gaban Kaka, duk sauran na cikin kwalin Malama sun faɗi tare da shi. Kuma ban iya sa albasar ta ruɓe duka ba, don ina son yarinyar.

Da la'asar na ɗauki kwanon furar Baba na kai masa gona da kaina. Na iske shi a bakin magudana yana toshe wata kafa da laka. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye shi, in mutum ya yi kuskure ya ba albasa ruwa ranar cira, shi ke nan ta mutu?

Ya miƙe da sauri. “Wa yay yi haka? Gonaw wa?”

“Ba kowa, Baba. A littafi ne.”

Ya yi dariya har ya zauna a kan kunyar gona. Da ya huce sai ya amsa mini da gaske, kamar mai gonar na tsaye a gabansa. Ya ce a fiddo ta daga rudu tun ba ta yi zafi ba, a baza ta ɗaya ɗaya a inuwa inda iska ke bi. A bi ta da babban yatsa ana danna wuyanta, mai laushi a ware ta a kai kasuwa gobe-gobe, mai tauri a bar ta ta sha iska kwanaki kafin a mayar. “Ba ta tsira duka,” ya ce. “Amma ba a rasa na kaiwa gida.”

Washegari na hau turmi, na buɗe littafin a inda muka tsaya. Na karanta layi biyu na gaskiya. Daga nan na sa wata tsohuwa ta biyo ta bakin gonar yarinyar da sandarta, ta tsaya kusa da rudun, ta ja hanci.

Babu wata tsohuwa a littafin. Ni na kawo ta, kuma da yake tsohuwa ɗaya na sani sosai a duniya, sai ta fito da bakin Kaka. Ta tura hannu cikin albasar, ta ji ɗumi, ta ce wa yarinyar, ke wace irin ɗiya ce da za ki shayar da albasa kamar jaririya ranar da za ki cire ta? Ta sa ta kwashe rudun tas. Na sa su baza albasar a inuwar mangwaro, na sa tsohuwar tana danna wuyan kowace ɗaya tana mita, na sa saurayin mai gyaran inji ya zo taimako ya yi ta ware masu kyau cikin marasa kyau saboda idonsa ba ya kan albasar. Kashi ɗaya cikin uku na bari ya lalace. Na ji zafin hakan, amma na san ƙasa da haka Kaka ba za ta karɓa ba.

Da na ɗaga kai, hannuwa duk sun tsaya.

“Yawwa,” Kaka ta ce. “Wagga tsohuwa ta san abin da taka yi. Ashe mai littahin gwada mu shikai.”

“Bakinta dai ba daɗi,” in ji Goggo.

“Bakinta lahiya lau. Gaskiya ta ka hwaɗi.”

Na yi zaton na tsira, ashe na ɗauko wa kaina aiki. Washegari ina tsakiyar wani babi sai Kaka ta ce, “Wai ina tsohuwag ga ta shiga? Tun jiya ba mu ji ta ba.” Dole na nemo ta. Na sa ta a kasuwa tana yi wa dillali tsawa. Na sa ta tare saurayin a hanya ta tambaye shi ko injin zai aura. Duk inda marubucin ya bar 'yar kafa, sai in tura ta ciki, in kuma lallaɓo in dawo kan layinsa ba tare da an ga ɗinkin ba. Ranar ɗaurin aure a babin ƙarshe, sai da na shimfiɗa mata tabarma a gaba, aka kai mata goro, ta ce ya yi ƙanana.

Na mayar da littafin ranar da ya kamata. Malama ta tambaye ni yadda mutanen gida suka gan shi, na ce sun fi son tsohuwar. Ta jujjuya littafin, ta ce ita ta manta da wata tsohuwa a ciki, za ta sake dubawa. Na karɓi na gaba na fito da sauri.

Na zauna a turmin nan rani uku bayan haka. Ban sake ƙara kowa a littafin kowa ba, amma na koyi karanta littafi da idon matan gidanmu kafin in kawo musu shi. Har yanzu haka nake karatu. Ina yafe wa marubuci wasiƙar soyayya mai shafi huɗu, ina yafe masa attajirin da ya faɗo daga sama a babin ƙarshe, don ni ma ina son a ƙare da murna. Amma in ya sa mace tana tuƙa tuwo, ina so in ji ya taɓa tsayawa kusa da murhu hayaƙi ya shiga idonsa. In ya san aikin hannun mutanensa, sai in yarda da shi a kan abin da ke zuciyarsu.

Sai bayan na gama kwaleji, Kaka ta riga ta rasu, muna zaune da Goggo ina ba ta wannan labari a matsayin sirrin da na ɓoye shekara da shekaru. Ta bari na kai ƙarshe, sannan ta ce kowa a zaman nan ya sani tun ranar farko. Wai ni ban san kaina ba, in ina karatu yatsana yana bin layi, ranar kuwa ya tsaya wuri ɗaya tun daga shigowar tsohuwar har aka kira la'asar, ko shafi ban juya ba. A ranar, ita Goggo har ta buɗe baki za ta yi magana, Kaka ta taka mata ƙafa. Da na shiga ɗaki Kaka ta gargaɗe su duka, ta ce duk wadda ta tona, ita za ta dake lawashin gobe ita kaɗai, don tana so ta ji inda tsohuwar za ta ƙare.