Rumbun da Na Ɓoye Kande

An kashe matata Kande washegarin ranar da ta fara sabon magani. A unguwarmu ne, gabas da Dayi, da kaka, bayan zaɓe.

Tun da jaririnmu ya mutu da damina ba ta koma daidai ba. Ba ci, ba magana. Sai ta zauna bakin murhu har wuta ta mutu. Na yanka akuya wajen tsafi, ba ta yi ba. Na kai ta asibitin mishan. Suka ce ciwon baƙin ciki ne, suka ba ta ƙwaya fara. Ta sha har aka yanke dawa, shiru. Da muka koma, malamin asibiti ya haɗa mata wasu biyu, ja da rawaya.

"Bawa, da farko za su kayar da ita barci," in ji shi. "Kada ka tsorata. Ka bar ta ta yi."

Washegari da safe ta sha kunu kaɗan, ta sake haɗiye su. Ta ce, "Maigida, bakina ya bushe kamar tsohon tulu." Na yi dariya. Rabon da ta yi magana mai tsawon haka, na manta. Ta shiga ɗaki ta kwanta. Na tafi sussuka bayan gida. 'Yan matanmu biyu, Ladi da Laraba, suna korar kaji.

Da hantsi na ji mota. Mota ba ta zuwa unguwarmu. Sai ihu. 'Yan bangar jam'iyya ne cike da akori-kura, da gora da adda. Laifinmu, ba mu jefa ƙuri'a inda aka ce mu jefa ba.

"Ku fito, arna! Ku fito!"

Suka fara da gidan sarkin noma.

Na shiga ɗaki na girgiza Kande. Na watsa mata ruwa. Ta buɗe ido, na tsayar da ita, ƙafafunta suka naɗe. "Bar ni mana," ta ce, ta koma barci. Ba zan iya ɗaukar mutum uku ba. An yanke dawa, fili ne fetal har rafi, ba wurin ɓuya.

Kakana ya sha gaya mana, a zamanin hari cikin rumbu ake ɓoye mata. Mahari yana ƙona ɗaki, amma ba ya ƙona hatsi. Ko ya kwasa, ko ya bari. Kowa a unguwarmu da wannan ya girma. Na saɓa ta a kafaɗa, na kai ta rumbu, na ɗaga jinka, na kwantar da ita kan dammunan dawa. Na mayar da jinka. Na goya Laraba, na ja Ladi, muka ruga.

Daga rafi na waiwaya. Ɗakuna suna ci. Wannan kam dama na san za a yi. Sai na ga wani da garwar kananzir yana bin rumbuna ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ba mahara ba ne. 'Yan iskan gari ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Na miƙe zan koma, sarkin noma ya danne ni cikin yashi, jini na zuba a goshinsa.

"Kwanta! Yaran fa?"

Hayaƙin hatsi daban yake. Ƙamshi gare shi.

Ban ji ihunta ba. Mutane suna cewa in gode, barci ya hana ta ji. Wa ya shiga ya tambaye ta?

Da la'asar muka bi rafi. A ƙafa muka kai Bakori, wajen yayata. Na kai ƙara. Aka tambaye ni wa ya ce in sa mace a rumbu. Wanda ya kunna ashana, ba a tambayi sunansa ba.

Yanzu ina Funtua, ina dakon auduga. Yaran suna Bakori. Gonar tana nan, wani ke nomawa. Kande ba ta da kabari.