Guɗar da Na Yi wa Ɗan Italiya

Ni ba 'yar ƙwallo ba ce. Har na zo Manchester ban taɓa zama na kalli ƙatti suna bin fata ɗaya a fili ba. Abin da ya zaunar da ni gaban talabijin ɗana ne, ɗan farina, wanda yake aikin likita a wani asibiti da ke kan Oxford Road. Shi ya ɗauko ni daga Kano bayan rasuwar mahaifinsa, ya ajiye ni a gidansa a Hulme, a ɗaki mai ɗumi da taga mai kallon bangon maƙwabta. Yakan fita tun ban idar da lazimi ba, ya dawo a gajiye ya gaishe ni a tsaye. Jikokina Hausarsu ba ta wuce ina kwana ba. Ni da a gida in na buɗe baki mata ke barin tukunya a kan wuta su zo saurare, sai ga ni ina wuni ban yi magana da kowa ba sai surukata, ita ma a gurguje.

Ga shi kuma ɗan fari ne. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki, balle ta ce masa zo ka zauna kusa da ni. Likita nake ce masa kamar kowa. To sai na lura ranar Asabar bayan azahar, in ba ya aiki, yakan zauna a falo da abokansa awa ɗaya da rabi cur, ko motsi ba ya yi. Na ce to. Na ɗauki carbina na je na zauna a kujerar da ke gefensa, kamar ɗumin falon na biyo.

A nan na fara ganin ɗan Italiyan. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama nauyi. Kowa na gudu, shi yana can gaba yana kai-komo a hankali.

Na ce, "Wancan dogon ba shi da lafiya ne? Kowa na aiki shi yana yawo."

Likita ya ce, "Hajiya, ɗan wasan gaba ne. Aikinsa zura ƙwallo a raga. Jira yake a miƙo masa."

Rabon da ya jera min magana mai tsawon haka har na manta. Sai na ƙara tambaya, ya ƙara ba ni amsa. Ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita, cikin 'yan makonni na haddace tarihin mutumin kaf. A wani ƙaramin gari na bakin teku aka haife shi, can kudancin ƙasarsu, ubansa masunci. A kulob ɗin garinsu ya fara. Wani babban kulob na arewa ya saye shi yana matashi, suka ajiye shi a benci, sannan suka dinga bayar da aronsa, bana nan baɗi can, kamar turmin gidan haya. Daga nan kulob ɗin da Likita yake so ya ɗauko shi. Ba ya jin Turanci. In alƙalin wasa ya yi masa magana sai ya haɗe yatsunsa wuri ɗaya ya dinga kaɗa su a gaban fuska. Na ce wannan ɗan'uwana ne, ni ma haka nake yi wa GP, likitan unguwarmu.

Mahaifina makaɗin 'yan dambe ne, kalangu yake kaɗa musu, a cikin take da kirari na tashi. Ranar da dogon nan ya yi tsalle ya sa kai ƙwallo ta faɗa raga, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Dogo ɗan masunta, baƙo mai kwashe rabon 'yan gari! An ba da aronka ka dawo da nauyinka! Gola ya gan ka ya tuna da uwarsa!"

A cikin abokan Likita akwai wani injiniya ɗan Jos, Kirista, mai yawan barkwanci, Mama yake ce min. Saura kaɗan ya faɗo daga kan kujera.

"Mama, a maimaita! Don girman Allah a maimaita, ban ɗauka a waya ba!"

Ban kula shi ba, Likita nake kallo ta gefen ido. Dariya yake har da hawaye, irin dariyar da rabona da ita tun yana firamare. Daga ranar, duk Asabar shi da kansa yake zuwa bakin ƙofata ya ce, "Hajiya, an kusa farawa." Shekara biyu muna haka.

Sai gwiwar mutumin ta samu matsala. Kafin ya warke an canza koci, sabon ya zo da wani yaro mai gudun tsiya, aka sayar da dogon ga wani kulob na Birmingham. Injiniya ne ya fara tsokanata.

"To Mama, sai a ɗinka wa sabon yaro nasa kirarin."

Na ce, "Kirari hula ce da za a cire daga kan wani a ɗora wa wani?"

"Ai ya tafi, Mama. Ba namu ba ne yanzu."

Na gaya musu yadda mahaifina yake yi. In ya ɗauki ɗan dambe, ya ɗauka ke nan. In an kayar da shi a fage, takensa zai ci gaba da kaɗawa har ya miƙe. In ya koma wani gari, kalangu zai rataya ya bi shi. Makaɗin da yake juyawa wajen duk wanda ya rage a tsaye, ko gaisuwarsa mahaifina ba ya amsawa.

Likita ya ce, "Hajiya, nan kulob ake bi. 'Yan wasa zuwa suke su tafi."

"Wato riga kuke so, ba mutum ba."

"Kusan haka ne."

Na ɗauka wasa yake. Wallahi na ɗauka wasa yake.

Aka zo ranar da kulob ɗin Birmingham ya zo wasa Manchester. Falo ya cika, surukata ta yi waina da miyar taushe. Mutumina ya fito da wata riga daban da wata lamba daban, amma tafiyarsa na gani na gane shi. Duk sanda ya taɓa ƙwallo sai fili ya ɗauki ihu, mutanen da bara suke rera masa waƙa su ne suke masa ature. Injiniya ma har da cewa maci amana.

Na ce, "Wa ya ci amanar wa? Shi ya kai kansa kasuwa?"

Duk suka mayar da ido kan talabijin. Wasa ya yi nisa ba a ci kowa ba, ana dab da tashi aka ɗago ƙwallo daga gefe. Na ga ya ja da baya taku biyu, na san abin da zai biyo. Ya tashi sama, ya sa kai.

Na kama hancina na rangaɗa guɗa, cikakkiya, irin ta kai amarya. Na ɗora da kirarin tun daga farko har ƙarshe, har da ƙari. Shi kansa mai cin ƙwallon bai yi murna ba, hannu ya ɗaga sama kamar mai ba da haƙuri. Duk faɗin Manchester ni kaɗai nake biki. Da na sauke numfashi na ji falon tsit, wani ya tsaya da waina a hannu.

Likita ya ce, "Hajiya, don Allah ya isa haka. Please."

A gaban mutane. Da Turanci kuma, kamar yana magana da mara lafiyar da ta ƙi shan magani. Na tattara mayafina na shige ɗaki.

Asabar ta zagayo, na yi wanka na zauna a kujerata tun kafin lokaci. Likita ya sauko da rigar sanyi a hannu ya ce yau a gidan injiniya za su kalla. Ta gaba ma haka. Ta gaba ma. Surukata ta same ni a kicin.

"Hajiya, ki ce masa wasa kike, magana ta wuce."

"Ba wasa nake ba."

"Kunya fa yake ji. Ya san ya ɗaga miki murya a gaban baƙi."

"To bakinsa ciwo yake?"

Ni ba zan iya zuwa in ce masa ka dawo falo ina so in zauna da kai ba. Ban taɓa ba tun yana cikin zani, ba a tsufana zan fara ba. Sai na ce a kai ni Birmingham wajen autata, wadda take aure a Balsall Heath. A raina na ce can dai an san darajar mutumina, ai garinsa ne yanzu.

Ina! Mijin auta akanta ne, labarai kawai yake kallo, tashar ƙwallon ma babu a gidan. Maƙwabtansu 'yan Pakistan wani wasa suke so na sanda da 'yar ƙwallo, wanda ake wuni ana yi ba a san wanda ya ci ba. Mai naman da muke zuwa wajensa na gani da hoton 'yan ƙwallo a bango, na yi murna, na sa auta ta tambaye shi. Ashe ɗaya kulob ɗin garin yake so, da ya ji wanda nake nufi sai ya yi kamar zai tofar da yawu. Mutumina yana wasa a gari ɗaya da ni, ban gan shi ko sau ɗaya ba.

Auta ba ta da kunyata, ita a cinyata ta girma. Ta ce, "Umma, yanzu fisabilillahi kin baro Manchester saboda wani Baturen da bai san kina duniya ba?"

"Ba saboda shi ba ne."

"To saboda wa?"

Na ce ta tashi ta duba shinkafarta, tana kamawa.

Ina nan sai ga saƙo ta bakinta, wai in ji yayanta a gaya wa Hajiya ƙasar Italiya ta kira mutuminta ya buga mata wasa. Wannan shi ne abin da dogon yake nema tun yana yaro, sau ɗaya aka taɓa kiransa a baya, ciwo ya hana shi zuwa. Ranar wasan, Lahadi da la'asar, sai ga Likita a mota, shi kaɗai. Ya gaishe ni, a durƙushe wannan karon. Ya jona kwamfutarsa da talabijin, ya zauna a gefena. Bai ta da maganar ba, ban tayar ba. Da wata ƙasa suke wasan wadda ba ruwan Likita da ita, babu rigar da za ta shiga tsakaninmu. Na sha ruwan ɗumi na gyara murya. Na tanadi sababbin baituka uku.

Aka nuno mutumina yana rera taken ƙasarsu ido a rufe. Daga nan aka nuno shi a benci. Aka tafi hutu aka dawo, yana benci. Can sai ya tashi yana motsa jiki a bakin layi, na gyara zama. Koci ya kira wani. Ya sake tashi, koci ya sake kiran wani, gajere, wanda ko kafaɗarsa bai kai ba. Aka hura tashi bai taɓa ƙwallo ba. Abin da na faɗa wa kocin nan ba zan maimaita ba, na yi istigfari daga baya.

Likita ya ce, "Gaskiya ba su kyauta masa ba."

Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan, kuma na karɓa. Ya naɗe wayoyinsa ya ce, "Hajiya, ki haɗa kayanki mu koma. Falon ya yi shiru."

A hanya, mun wuce rabi, ya ce, "Sabon yaron nan fa yana ci sosai. Ko baiti ɗaya ne..."

Na ce, "A'a."

Ya ci gaba da tuƙi har muka shiga Hulme.

Na dawo kujerata, amma abin bai koma yadda yake ba. In yaron ya ci sai duk su juyo su kalle ni, ni kuma in kalli carbina. Injiniya ya yi roƙon, ya yi tsokanar, har ya gaji. A hankali suka koma kallo a gidansa, sai jefi-jefi suke zama a namu. Dogon kuwa bai daɗe a Birmingham ba, ya koma ƙasarsu, wani ƙaramin kulob da ba a nuna wasansa a nan. Ƙasar ba ta sake kiransa ba.

Abin da ya rage min yanzu shi ne safiyar Litinin. In Likita ya leƙo gaisuwa sai in ce, "Mutumina fa?" Sai ya zauna a bakin gado ya ciro waya ya duba. "Daga baya aka sa shi, bai ci ba." Wani lokacin nakan yi kamar ban gane ba don ya sake bayani. Daga awa ɗaya da rabi na dawo minti biyu.

Makon jiya ya ce gwiwar ce ta sake tashi, ana cewa wataƙila ya ajiye wasan gaba ɗaya.

Na ce, "In ya ajiye, me za ka dinga duba min?"

Ya ce, "Ai shi ke nan, Hajiya, babu abin dubawa." Ya mayar da wayar aljihu ya miƙe, yana sauri kada ya makara.

Na san baiti ɗaya ga sabon yaron zai dawo min da Asabar ɗina. Abin haushin ma, na riga na tsara shi. Ina wanke-wanke ya zo min da kansa, kuma ya yi kyau, ya fi na dogon daɗi a baki. Jibi Asabar, surukata ta ce a gida za su kalla. Har yanzu ban faɗa wa kowa shi ba.