Tambayar da Odile Ta Yi wa Wendell

Shekara goma sha ɗaya Odile Thibodeaux ta yi tana rubuta gajerun labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a garin Lafayette, Wendell Guidry kuma yana karanta su kowace safiya. Yawanci labaran kakarta ne, wadda ta tsufa tana kamun jatan lande. Kwatsam sai ga littafi ya fito, labaran nan kaf a ciki, sunan Wendell kaɗai a bango.

"Haba 'yar'uwa, wa ya san ki?" in ji shi da ta tare shi. "Muryata mutane ke saye."

Odile ta haɗiye abin har wata takwas, sai da aka ba ta shirin hira da marubuta. Shi ta fara gayyata. Ya zo yana washe baki.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "tsohuwar nan ta littafinka, me ya raba ta da yatsu biyu?"

Ya yi gyaran murya, ya ce kada ne ya cinye su.

"Igiyar jirgin ruwa ce," in ji Odile. "A gabana aka yi."

Minti arba'in tana jefa masa irin waɗannan, yana kame-kame, ta ƙi sa kiɗa ko sau ɗaya ya samu ya numfasa.

Bai ƙara wata biyu a tashar ba. Odile ta buga littattafai huɗu da sunanta, kuma har ya mutu ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.