Manajan manhaja ya biyo ni har Kebbe

Jama'a, mutumin da na yi wa tatas a Facebook ya zo asibitinmu yau!

Kun san manhajar da muke shigar da yaran rigakafi. Da sabis ya ɗauke, aiki duka ya goge. Jiya na hau shafin kamfanin na rubuta, "Wanda ya ƙera wagga aba bai taɓa fita birni ba." Mutane sunka yi ca. Manajan bai goge maganata ba, bai yi musu ba. Tambaya kawai yay yi, "Malama, ina kike aiki?" Na ce mai asibitin Kebbe.

Yau ina cikin awon jarirai sai ga mutum bisa kabu-kabu, wando duk laka. Yac ce, "Ni ne manajan, daga Sakkwato nike. Gwada mani."

Na miƙa mai waya. Ya shigar da yaro guda, sabis ya ɗauke, komi ya tafi. Sai ya tuntsire da dariya.

Yac ce, "Malama, kin ma raga mana. Bari in rubuta gaban kowa cewa ke ad da gaskiya, kuma za mu gyara."

Yanzu haka yana bisa tudun bayan asibiti, ya ɗaga waya sama, yana neman sabis ɗin da zai tura rubutun da shi.