Raƙuman Goggo Madam Goma Sha Uku

Ku da kuka san ƙanwar babana, Goggo Zeinabu, wadda duk Agadez ke kira Madam, kun san ba a yar da ƙwallon dabino a gabanta. Haram! Jakar nan tata ta fata kullum cike take da su, tana tafe tana kwaram-kwaram. Da su ta koya wa rabin garin nan ƙirga, shekara talatin da ɗoriya tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Maganarta ɗaya ce: "Abin da hannu bai taɓa ba, kai ba ya riƙe shi."

Ranar sunan ɗiyata ta fari, ana cikin addu'a sai ga Goggo a duƙe tana tsinta a gaban liman.

Ta ce, "Malam, bakwai ka ci, shida na gani. Ina ɗayan?"

Bawan Allah ya ce, "Madam, na jefa bayan katanga."

"To a shafa fatiha tukuna, sai ka nuna mini wurin."

Wallahi sai da ya nuna mata!

Amma babban ciwon ranta littafin lissafi ne. Burinta a duniya yaron Agadez ya buɗe littafin nan ya tarar da abin da ya sani. Wata rana ansifektar, mai duba aikin malamai, ya shigo ajinta ya ga ta goge "jirgin ƙasa" daga tambayar da ke allo ta rubuta "raƙumi". Ya ɗaure fuska.

"Madam, ba haka littafi ya ce ba."

Ta juya wajen yara. "Wa ya taɓa ganin jirgin ƙasa?"

Tsit.

"Malam ansifektar, kai fa?"

Ya sosa ƙeya. "A hoto."

"Madalla. Zauna nan gaba, yau kai ma za ka gane."

Saura shekara guda ta ajiye aiki, aka kira ta Yamai cikin masu rubuta sabon littafin lissafi na ƙananan azuzuwa. Murna kamar ta taka rawa! Ni na raka ta, don lokacin idonta ya fara rauni. Tambaya guda ta kai musu, ta goge ta ta sake gogewa: ayari ya taso daga garin Fachi da kantun gishiri hamsin da biyu, kowane raƙumi na ɗaukar huɗu. Raƙuma nawa ke nan? Goma sha uku cif.

Sai wani matashin masani mai tabarau, wanda bai taɓa jin warin raƙumi ba, ya mai da hamsin da biyu hamsin, wai ya fi kyan gani. Aka kawo mata takarda ta sa hannu. Na karanta mata. Ta ƙirga da yatsu.

"Ɗana, amsarka sha biyu da rabi ke nan."

Ya ce, "Wi, Madam. Ta haka yara za su saba da rabi."

"Rabin raƙumi? Wane rabin ne zai bi ayari, na gaba ko na baya?"

Dariya ta ɓarke a biro, wato ofishin, shi kuwa ya ji kunya, kunyar ta koma taurin kai. Ya ce ko ta sa hannu haka, ko a cire tambayar baki ɗaya. Na ja zanenta, na raɗa mata, "Goggo, ki sa mana! Da babu gara ba daɗi."

Ta ce, "Ke, rufa mini baki! Ɗiyan madugai za su karanta wannan. In suka yi wa littafi dariya sau ɗaya, ba su ƙara yarda da shi."

Ba ta sa ba. Muka hau kar, babbar motar fasinja, muka dawo. Tun daga garin Tawa har gida ba ta ce mini uffan ba, ita da ba ta iya shiru ko a gidan gaisuwa. Na ji haushinta, ban ɓoye muku. Na ce a raina, shekara talatin tana jiran abu, ta watsar saboda kantu biyu.

Bayan shekara biyu littafin ya iso. Ina koyarwa a Dirkou lokacin, ita kuwa tana kwance a gida, ido ya tafi gaba ɗaya. Ina buɗe shafukan rabawa sai ga tambayar ayarin Goggo a ciki. Ban jira hutu ba, na nemi izini na taho.

Na zauna bakin gadonta na karanta mata a hankali. Ta damƙe hannuna.

"Kantu nawa kika ce?"

"Hamsin da biyu, Goggo."

"Ba ki ƙara ba don ki faranta mini?"

"Wallahi haka aka buga."

Ta ɗora tafinta bisa shafin, ta daɗe tana shafa shi, hawaye na bin kuncinta. Can ta ce, "Ashe yaron nan yana da hankali. Tabarau ne suka ɓata shi."

Kwana tara bayan nan ta rasu. Ina kewarta ƙwarai. Allah ya jiƙan Goggo Madam, ya haskaka kabarinta, ya sa kowane yaron da ta buɗe wa kai ya zame mata haske ranar gobe. Amin.